Amshin Waƙar Kurciya

Duk inda na ji ƙamshin ɗanyar citta, sai in ga kakata zaune a gindin mangwaro a gidanmu na Nok, wuƙa a hannu, tana tsaga citta don shanya. Bayan ruwa ya ɗauke ake wannan aikin, kuma ba a yin sa baki shiru. Kaka ta ba da waƙa da yarenmu, mu yara mu amsa. Wadda muka fi so ita ce ta kurciyar da ta saci acca. Kaka ta tambayi inda ta ɓoye, mu kuma mu tona mata asiri da ƙarfi.

A lokacin ne aka kawo wani saurayi Ba'amurke yana koyarwa a makarantar mishan. Dogo ne, rana ta mai da shi ja wur. Gidanmu ya zama wurin hirarsa. Sai ya karɓi wuƙa wai zai taya aiki, ya fi yankan yatsunsa a kan cittar, Kaka tana yi masa tsiya wai ta yi miji rago. Babana ke fassara masa waƙoƙin.

Da ya koma ƙasarsu sai ya bar koyarwa, ya zama marubucin waƙoƙin yara, yana bin makarantu yana karanta musu. Ya aiko mana da littafinsa na farko, sai ga kurciyarmu a ciki ta koma Turanci, har an zana ta da hula. A makarantarmu wanda ya yi yare bulala ce rabonsa, amma wannan ta Turancin, hedimasta da kansa ya sa muka haddace ta. Na karanta ta ranar ba da kyaututtuka, aka yi ta tafi. Kaka ta ce da daɗi, sai dai ba ta ji inda aka bar wa yara su amsa ba. Gaskiyarta ce. Ba'amurken ya haɗe tambaya da amshi, mutum ɗaya ke yi daga farko har ƙarshe.

Yanzu mamata tana kwance a asibiti a Kafanchan, ɓarin jikinta ya shanye. Hausa da Turanci duk sun gudu daga bakinta, yarenmu kaɗai ya rage. Fuskoki ma sun rikice mata. Kullum da safe sai ta ɗauko waƙar Kaka, uwarta, ta yi tambayar kurciya, ta tsaya tana kallona. In na buɗe baki in amsa, Turanci ne kawai ke zuwa. Da na gwada shi, ta juya fuska bango, ta ƙi karɓar kunu daga hannuna.

Na hau mashin har Nok, na bi tsofaffin matan zumunta na coci gida gida. Inji ke tsaga citta yanzu, ba mai waƙa a kansa. Wata sa'ar Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinya na, tun da fasto ya ce waƙan gargajiya ne, mun bar shi. Na coci ne muna yi. Amshi ya tafi da masu shi."

'Yata ta nemo mini Ba'amurken a waya ko zan roƙe shi amshin. Ashe ya rasu da tsufansa, da lambobin yabo, yaran ƙasarsu suna karanta kurciyarmu har gobe. Allah ya sani ban ji haushinsa ba. Shi ya adana abin da ya iya ɗauka. Mu da muke da abin, muka sake shi ba tare da mun lura ba, kuma tsoro nake ji, don likita ya ce jikinta yana ja da baya.

Jiya ta sake yin tambayar, ta jira ni, ta daɗe tana jira. Daga nan ta taɓa hannuna cikin ladabi, yadda take yi wa nas, ta ce da yarenmu, "Baiwar Allah, yaushe 'yata za ta zo?"