Abin da Jikoki Suka Tono

Mai shagon littattafai yana kallon tsohuwar tun shigowarta. Doguwa ce siririya, mayafinta ya koɗe, ga jar ƙasa a bakin zanenta. Ta ajiye wani littafin yara mai hoton taswira a kan tebur, ta nemi kujera ta zauna.

"Ɗan nan, kai ka sayar wa jikokina wannan?"

"Ni ne, Iya. Labarin yara ne masu neman dukiyar da kakanninsu suka binne."

"To, sun karanta, sun haƙe mini tsakar gida kaf. Ko kaza ba ta da wurin tsayawa."

Ya fara dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba. Ta zaro wani gwangwani mai tsatsa daga jaka, ta buɗe. Takalman jariri ne a ciki. Ya raya a ransa cewa mai takalman bai rayu ya taka su ba, wataƙila ko 'ya'yanta ba su san an haife shi ba.

"Kwana uku suna tambayata na wane ne," in ji ta. "Ni ban iya karatu ba. Duba mini, ita kakar cikin littafin me ta ce wa nata jikokin?"

Ya buɗe littafin, ya rufe. "Ai ita ta rasu tun kafin labarin ya fara."

Tsohuwar ta mayar da murfin gwangwanin a hankali.

"Ta huta," in ji ta.