Giyar Alkamar da Na Zubar a Ƙasa

A shekarun mulkin soja, lokacin da ake ta cewa kowa ya tsuke bakin aljihu, ni saurayi ne mai ji da kansa. An sallame ni daga aikin masinja a Zariya, na koma ƙauyenmu ta wajen Gubuchi. Mu Kirista ne tun kan iyayenmu, amma ba mu bar dafa burukutu ba. Noma bai dame ni ba, abin da na iya shi ne ɗanɗano. A wurinmu in mace ta sauke giya, ba ta fara sayarwa sai ta miƙa wa mai harshe ludayin farko. In ya shanye ya nemi ƙari, kasuwa ta buɗe. In ya tuntsurar a ƙasa, to ranar sai dai ta sha abinta. Ludayin nan ya zama nawa, ni kuwa na ɗauki kaina wani alƙali.

A shekarar dawa ta yi tsada, domin masu saye wa manyan kamfanonin giya suna kwashe ta a kasuwar Makarfi. Matar yayana, wadda ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, da giyar nan take ciyar da su. Da dawa ta fi ƙarfinta, sai ta waiwayi 'yar alkamar da ta noma a fadama lokacin da gwamnati ke kiran a shuka. Ta jiƙa ta, ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Ranar da ta sauke, dattawa na zaune suna ta ba'a, wai yanzu kuma burodi za a ba su su sha. Na karɓi ludayin. Giyar fara-fara ce, da ɗan kauri, kumfarta mai laushi, ƙanshinta kamar na nunanniyar ayaba. Na kurɓa, na ji ɗan tsami mai sanyi ya biyo bayan zaƙi, ba ta da nauyin ta dawa ko kaɗan. Har yau ban sha wadda ta kai ta daɗi ba. Amma da na ɗaga ido na ga dattawa na jiran su yi dariya, sai na ji tsoron a ce harshena na yara ne. Na tuntsurar da sauran, na ce wannan kunu ne.

Burukutu ba ta jiran gobe. Tulunan suka yi tsami, alkamar da tsiron suka tafi a banza, aka kuma yaɗa cewa hannunta ya lalace. Ta koma yin itace tana kaiwa bakin titi, yaran suka rame. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba, tuwo ma ba ta fasa aiko mini ba. Wata rana na taya ta sauke kayan itace, sai ta ce, "Ƙanena, ai na ga maƙogwaronka ya motsa. Wanda bai so abu ba, ba ya haɗiyewa." Kunya ta rufe ni.

Da damina ta faɗi, na kira gayya a gonar marigayin, na nemo alkama wajen wani abokina a Paki, na roƙe ta ta sake dafawa don masu aiki. Ta ƙi da farko, ta ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga baya ta yarda saboda gonar. Da aka huta a gindin ɗorawa, na karɓi ludayin a gaban dattawan nan, na shanye, na faɗa musu ƙarya na yi wancan karon, tsoronsu na ji. Suka yi mini dariyar da na guje wa, ban kuwa mutu ba. Kafin la'asar ba ko ɗigo a tulu, wanda ya fi kowa ba'a shi ya fi kowa neman ƙari. Da giyar alkamar nan ta raini yaranta har suka kama ƙasa.

Yanzu na tsufa, na daina sha, amma darasin bai bar ni ba. Duk wanda mutane suka amince da bakinsa, ko a kan miya ne, ya sani abincin wani na rataye a wurin. Kada ku dubi fuskokin 'yan kallo kafin ku faɗi abin da kuka ji. Dariyar da na tsorata ba ta wuce yini ba, yunwar da na jawo wa marayu kuwa sai da ta ci rani guda.