Sannu-Sannu da Jif ɗin Malam

Sannu-Sannu ya rasu ranar Talata a kan bencin garejinsa. Cikin masu zuwa gaisuwa har da waɗanda suka shekara talatin suna kiransa bakaniken ƙauye. Sun tare layi da manyan motoci, suna goge idon da babu hawaye. Allah ya jiƙansa, da yana nan da ya leƙa ƙarƙashin motocin ya gaya musu wadda ke yoyon mai.

Garejin nasa rumfar kwano ce a bayan masu walda, rami ɗaya, benci ɗaya. Laƙabin kuwa daga aikinsa ya samo shi, don ba ya taɓa sifana sai ya zauna a kujerar baya an zagaya da shi ya ji ciwon motar a jikinsa.

Nan ne wata shekara wani malamin makaranta mai ritaya ya kawo masa tsohuwar jif, irin wadda ake danna maɓalli ta ɗaga ko ta sauka da ƙarfin mai. An yi wa matar Malam aiki a ƙashin baya, sau biyu a mako ake kai ta asibiti. Motar kuwa ta koma tsalle kamar amalanke, ko tsakuwa ta taka sai matar ta ciji mayafi. Har ta ce ta haƙura da asibitin, a bar ta a gida.

Surukin Malam ya biyo shi, yana juya makulli a yatsa, turarensa ya danne warin gareji. Shi ya riga ya kai motar wani katafaren gareji mai gilashi, aka jona mata kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiya lau. Gwanayen wurin suka cire shokozoba huɗu masu lafiyarsu suka sa sababbi. Da tsalle ya ƙi tafiya, sai suka ce a yanke bututun man da ke ɗaga motar gaba ɗaya a sa sifirin na ƙarfe irin na sauran motoci.

"Baba, na'ura fa ta duba ta," in ji surukin.

"Na'urar tana da ƙugu?"

"Ban gane ba."

"Shigo baya, ɗana, yanzu za ka gane."

Malam ya ja mota. A rami na uku da suka taka a hanya kan surukin ya gaisa da rufi, hularsa ta faɗo.

"Sannu, Injiniya," in ji Sannu-Sannu. "Mu jona maka kwamfutar ko ka ji da kanka?"

Da suka dawo ya buɗe bonet, ya sa Malam ya saukar da motar ƙasa, ya yi alama da alli a jikin tankin man da ke ɗaga ta, sannan aka ɗaga ta sama. Man ya ɗan motsa, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ya kwanta a ƙasa ya ƙwanƙwasa wasu ƙwallayen ƙarfe huɗu, ɗaya a kusa da kowace taya.

"Malam, ga masu laifin. Rabin cikinsu mai ne, rabi iska, iskar ce ke shanye duka. Ta tsere tun tuni, shi ya sa dukan ke isa bayan Hajiya."

Kwana huɗu ya yi. Mai kayan gyara ya aiko masa da tsofaffin ƙwallaye an shafe su da fenti, ya kankare ɗaya da farce ya mayar masa. Ya samo sababbi ya ɗaura, ya zubar da tsohon man da ya yi baƙi ƙirin, ya bi taya-taya yana fitar da kumfa. Tsufa ya kama shi a lokacin, amma bai bar kowa ya ɗaure masa noti ba.

Ranar asibiti ya ce da shi za a je. Da ƙyar aka lallashi matar ta shiga, ta riƙe ƙofa gam. Sannu-Sannu yana gaba, amma rabin jikinsa na waige. Kafin su wuce kasuwa hannunta ya saki ƙofar. Da suka iso ƙofar asibiti ya ga kanta ya jingina da gilashi, tana barci.

Malam zai taka birki, Sannu-Sannu ya dafa masa gwiwa.

"Wuce, Malam," ya ce a hankali. "Mu ƙara zagayowa. Likita ba zai gudu ba."