Babur ɗin sojan laima a ɗakinmu na Al-Oud

Ni mutum ne mai zargi tun asali, Riyadh kuma ta ƙara mini. A shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya, direban wani Balarabe ne ni. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, fasfona na hannunsa, ɗakin da muke kwana ma da sunansa aka kama. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, ko wanka zan shiga sai na san inda na ajiye ta.

Mu huɗu ne a ɗakin nan na unguwar Al-Oud. Babbanmu wani dattijo ne Badamagare, yana aiki inda ake farfasa tsofaffin motoci. Wata Alhamis da la'asar ya shigo da buhu a kafaɗa, ya tura shi ƙarƙashin gado. Kwana uku buhun nan yana warin fetur, ni kuma ina hararsa.

Da na gaji na ce, "Baba, mene ne a buhun nan?"

Ya jawo shi ya kwance. Babur ne, a naɗe, bai kai gwiwata ba. Ya ɗaga kan babur ɗin, ya zaro sirdin, sai ga abu ya tsaya da ƙafafunsa. Fentin soja gare shi, ba fitila, ba lamba. Ya ce cikin tarkacen ƙarafa ya tsince shi, kuma wani tsohon Bature mai zuwa neman kayan gyara ya ba shi labarinsa. Wai a yaƙin duniya ake cusa irinsa cikin bututun ƙarfe a jefo daga jirgi, sojan laima na dira ya buɗe ya hau.

"To ka yi me da shi, Baba?"

"In gyara in riƙa zuwa aiki. Ƙafafuna sun gaji, ɗana."

Ban yarda ba. Wa zai zubar da kayan yaƙi a bola? Me ya sa yake ɓoye shi? Na riƙa hango 'yan sanda sun kwashe mu duka huɗu, an soke iƙamata, na koma gida hannu rabbana. Tsoro nake ji, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

A tsakaninmu, magana irin wannan wurin dattawanmu na unguwar Batha ake kai ta, su kashe ta a cikin gida. Ni sarkin wayo na tsallake su, na faɗa wa kafilina a mota.

Bayan sallar Juma'a ya zo da kansa. Ya duba babur ɗin, ya zauna a kai, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai abin wasa ne. Hankalina ya fara kwanciya ke nan, sai ya juya wurin dattijon.

"Ya Hajji, wane ne kafilinka? Ina iƙama?"

Ashe dattijon aikin Umara ya zo tun da daɗewa, bai koma ba. Sauran biyun sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Kafilina ya daina dariya, ya ce ba zai ɗauki laifin wani a ɗakin da ke da sunansa ba.

Washegari da hantsi 'yan sanda suka zo tafiya da dattijon. Yana naɗe tabarmarsa ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"Ɗana, da ni ka gaya wa yana damunka, da na mayar da shi inda na ɗauko."

Kunya ta hana ni raka shi ko bakin ƙofa. Iƙamata na aljihuna, ba wanda ya ko tambaye ni ita.