Takardar Musbahu a Cikin Adudu

Hansai 'yar Darini ce. Can aka haife ta, can ta yi aure, kuma in ban da kasuwar Batsari da ta Safana, inda take kai daddawa, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Ƙaramar mace ce mai saurin tafiya, ba ta da yawan magana. A kasuwa ba ta kiran masu saye, ƙamshin daddawarta ke kawo su.

Mijinta, Jinjiri, yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin kuza a Jos lokacin yaƙin Turawa. An ce wata huɗu zai yi. Abin da ya dawo shi ne bargonsa, da saƙon baki cewa tari ya kashe shi. Ya bar ta da 'ya'ya biyu, Musbahu da ƙanwarsa Saude. Musbahu ne ɗan fari, saboda haka Hansai ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi, "kai" take cewa.

Musbahu ya yi elementare a Batsari, ya fito da kan lissafi, ya dawo gonar ubansa. A ranin 1952 'yan safiyo suka zo auna hanya tsakanin Batsari da Safana, suka ɗauki samari biyu masu ja musu sarƙar awo: shi da abokinsa Labaran, ɗan Yasore. Wata biyar suka yi suna jan sarƙa da kafa turaku. Kafin aikin ya ƙare, shugaban 'yan awon ya fara barin wa Musbahu takardar zane, don ya lura yaron na duba fili ya faɗi inda ruwa zai bi in damina ta sauka.

Da za su tashi, shugaban ya ce musu hukumar En'e ta Katsina na neman mutum ɗaya da za a tura Kaduna ya yi shekara biyu yana koyon zanen taswira da tsara gari, in ya gama a ba shi aiki. Ya ce ya sa sunan Musbahu a farko, na Labaran a biyu. Su jira takarda.

Musbahu ya dawo gida yana zana wa uwarsa tituna a ƙasa da tsinke.

"Inna, gari ma sai an yi masa tsari. Nan kasuwa, nan rijiya, nan mahauta, nesa da gidaje."

Ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ta ci gaba da tsince kalwarta.

Takardar ta zo da kaka, Musbahu yana Ruma yana taya kawunsa girbin dawa. Wani masinja ya miƙa wa Hansai a ƙofar gida ya wuce. Ranar kasuwar Batsari ta ƙulle ta a bakin zane, ta kai wa wani baƙon akawu mai sayen gyaɗa, wanda bai san ta ba. Ya karanta Turancin ya fassara mata: an zaɓi Musbahu, ana nemansa a Katsina cikin kwana goma, in bai zo ba za a ɗauki na bayansa.

"Ɗanki ne? Baba, kin yi sa'a."

Ta yi godiya. A hanyar gida ba abin da take gani sai bargon Jinjiri. Shi ma da adadin watanni aka ɗauke shi. Ta ce wa kanta gobe za ta aika Ruma. Da gari ya waye ta ce sai jibi, tunda ta ɗora kalwa a wuta. Ta sa takardar a ƙasan adudun kayanta, ƙarƙashin zanen aurenta. Ranar da kwana goma suka cika ta kasa cin abinci, amma ba ta aika ba.

Musbahu ya dawo ya ji labarin an tafi da Labaran. Ya yini a zaune bakin rumbu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Labaran ya bi ta bayan fage ya sa an sauya sunayen.

Da Labaran ya zo hutu na farko, bai kwana a Yasore ba sai da ya iso Darini. Hansai tana bayan zana tana jin su a zaure.

Labaran ya ce, "Wallahi an aiko maka. Ni da idona na ga sunanka a ofis. Kwana uku aka ƙara ana jiranka."

Musbahu ya ce, "Wa aka ba? Ga uwata nan a gida, ba inda take zuwa. Da takardar ta zo, da na gani. Ka ci amanata, kada ka ƙara mini da ƙarya."

Hansai na riƙe da muciya. Taku uku ne tsakaninta da zauren. Ta tsaya har ta ji tafiyar Labaran.

Shekara bakwai ta yi da abin a cikinta. Musbahu ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, ya zama manomi mai ƙwazo. Duk wanda zai gina ɗaki ko raba gonar gado a Darini shi yake kira, ya zo da igiya mai ƙulli-ƙulli ya auna, ba ya karɓar komai. In ya dawo daga irin wannan aiki fuskarsa a sake take, kuma ranar ce Hansai ta fi jin nauyi. Ta riƙa ware masa tsokar nama mafi kyau, tana saƙa masa abin da bai roƙa ba, har matarsa ta fara yi mata wasa cewa ta shagwaɓa magidanci. Sau biyu ta ciro takardar za ta jefa a murhu, ta mayar. In ta yi salla takan nemi gafara, sai dai ta san ba Allah kaɗai ta yi wa laifi ba.

A 1959 ta kai daddawa Safana, ta tarar ana ta kafa turaku a filin da za a mai da kasuwa. Wani mutum mai gajeren wandon kaki ya bar leburorinsa ya zo ya durƙusa gabanta. Labaran ne. Suka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi Saude da yara, sannan ya ce:

"Inna, ina neman wanda zai tsaya mini kan aikin nan. Na aika wa Musbahu sau biyu, bai amsa ba. Har yau ban san abin da na yi masa ba. Ko a kan ginin nan na mutu, da wannan zan tafi."

Hansai ta bar wa maƙwabciyarta tallan, ta kama hanya. Ta iso Darini da la'asar, ta sami Musbahu yana gyaran ƙotar fartanya. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta yi ja saboda daɗewa, ta ajiye a gabansa. Ta zauna a ƙasa.

"Ta zo kana Ruma. Ni aka ba. An karanta mini, na san abin da ke ciki. Tsoro na ji kada ka tafi kamar yadda ubanka ya tafi. Yaron nan Labaran bai cuce ka ba. Ni ce."

Musbahu ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Ranar da ya zo zaure, kina jin mu?"

"Ina ji."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce, "Inna, tashi daga ƙasa." Daga nan ya fita.

Washegari ya tafi Safana a ƙafa. Abin da suka faɗa wa juna shi da Labaran ba wanda ya ji, amma an ga sun ci abinci a kwano ɗaya. Labaran ya rubuta wa na gaba da shi yana roƙon a ba Musbahu damar karatun, aka amsa cewa shekarunsa sun wuce. Abin da ya samu shi ne shugabancin leburori, aikin rana-rana. Ya karɓa. Shi ya nuna cewa layin mahauta yana kan hanyar ruwa, aka matsar da shi gabas. A taswirar, sunan Labaran kaɗai aka rubuta.

Wajen wata biyu Musbahu yana gaida uwarsa safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba ya zama. Hansai ba ta yi ƙorafi ba. Wata ranar Juma'a ya shigo ya zauna bakin ƙofarta, ya ce an raba rumfuna a sabuwar kasuwa, ya kama mata guda a layin masu kayan miya, kusa da rijiya. Ta ce Allah ya yi albarka.

Ta yi shekara huɗu tana sayar da daddawa a rumfar, har ƙafa ta hana ta tafiya. Maganar takardar ba ta ƙara tashi tsakaninsu ba. Saude ce kawai ta ce a ciwonta na ƙarshe Hansai ta sa an kira Labaran, ta roƙe shi gafara da bakinta, shi kuma ya ce ya yafe tun tuni.