Muryar Matar Magini da Ta Ɓace a Kwamfutarmu

Edita, ina gaishe ka da duk masu karanta wannan shafi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Na maigidana dama ban taɓa furta shi ba yana raye, balle yanzu da ƙasa ta rufe shi.

A farkon shekarun dubu biyu ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Tamanrasset, can ƙetaren hamada a ƙasar Larabawa. 'Yar Damagaram ce ni. Karatuna bai yi nisa ba, na tsaya a kolej, sai dai na koyi buga takardu kafin aure, kuma ina iya karanta Faransanci a hankali. Maigidana yana da ɗan shago a unguwar da mutanenmu na Nijar suka fi yawa. A ciki akwai kabin biyu na buga waya, da injin kwafin takardu, da kwamfuta ɗaya da ya saya ta hannu a wurin wani Balarabe. Shi yana gaba da jama'a, ni ina bayan labule da kwamfuta. Mutum ne mai barkwanci, ba ya son ganin fuskar kowa a murtuke. Yakan ce wa masu zuwa shi ne patoro, wato mai shago, amma kwamfuta ba ta jin maganar kowa sai ta uwar ɗakinta.

Cikin masu zuwa akwai wani magini, mutumin wajen Maradi, ƙato mai shiru. A lokacin wanda bai iya rubutu ba kaset yake aikawa. Za ka zauna gaban rediyo ka faɗi abin da ke bakinka, a ba direba ya kai. Matar maginin nan ta aiko masa da kaset tana da tsohon ciki, kuma kafin ya amsa sai labari ya zo cewa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ya yi ta sauraron kaset ɗin har zafi da yawan juyawa suka cinye zaren. Ya kawo mana shi a ƙulle cikin hankici. Na haɗa zaren da jan farce, na ja waya daga rediyo zuwa kwamfuta, muka ɗauki muryar. Da ya ƙare juyawa sai zaren ya cukurkuɗe, bai sake amfani ba. Kwamfutarmu ba ta iya zuba abu a faifai, shi kuma ya ce ko da tana iyawa ba zai ɗauka ba, domin ɗakin da yake kwana su da yawa ne, kuma idan aka zo kamen baƙi ba abin da ake bari ba a tattaka ba. Ya ce amana ce, mu riƙe masa.

Daga nan duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya zo, ya sa abin sauraro a kunne, ya juya fuska ga bango. Ni na san abin da ke ciki tunda ni na ɗauka. Ba wata babbar magana ba ce. Tana ba shi labarin akuyarsu da ta shiga gyaɗar maƙwabta, tana tsokanarsa cewa yana can yana gina wa Larabawa benaye alhali katangar gidansa ta kwanta, tana ce masa idan zai taho ya riƙo mata bargo mai nauyi, ba irin mai shara-shara da ya kawo bara ba. Sai ta yi dariya.

Matsalar ta fara ne ranar da wani mai kai baƙi yawon dutsen Assekrem ya kawo ɗan kilensa, abin nan na ajiye hotuna da ake soka wa kwamfuta, don in fitar masa da wasu. Ashe akwai cuta a ciki. Washegari kwamfuta ta fara mutuwa tana tashi da kanta, abin da ka buɗe ya rufe. Ban tsorata ba da farko, saboda akwai wani wuri a cikinta da ake maida ta baya zuwa ranar da take lafiya. Za ta nuna maka kalanda, ka zaɓi rana, ta koma yadda take ba tare da ta taɓa ajiyar mutane ba. Na sha yin haka. Amma wannan karon duk ranar da na zaɓa sai ta yi aiki ta yi aiki, ta tashi ta rubuta cewa ba ta iya ba, ba abin da ya canza. Na lura agogonta ya koma shekaru baya, na ce wataƙila shi ya rikita kalandar. Maigida ya sayo ƙaramin batir irin na agogo a kasuwa, muka buɗe cikinta muka sauya, na gyara kwanan wata. Ba ta yarda ba. Na tayar da ita ta hanyar nan da take tashi tsirara ba kwalliya, na sake gwadawa, amsa ɗaya. Daga baya na gane cewa rumbunta ya cika maƙil da kayan mutane, don haka ta riƙa zubar da tsofaffin ranakun da kanta, kuma 'yan waɗanda suka rage duk cutar ta riga ta shiga cikinsu.

Na ce wa maigida mu cire rumbun mu kai wa wani Balarabe mai gyara a tsakiyar gari, ya fara kwashe ajiyar mutane kafin a ƙara taɓa komai. Ya ce a'a. Takardar zamansa ta ƙare, hanyar kuma sai an bi ta gaban 'yan sanda. Ya ƙara da cewa idan magana ta fita cewa amanar mutane tana cikin haɗari, wa zai sake yarda da mu. Ya tambaye ni ko babu wata dabara. Na ce akwai ta ƙarshe, wani maɓalli da ake dannawa tana tashi, mai hanya biyu: ɗaya ta gyara ta bar kaya, ɗaya ta share gidan kaf. Muka bi ta farko. Tana tsakiyar aiki aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Da wuta ta dawo kwamfuta ta ƙi tashi sam, hanyar gyaran ma ta toshe, sai ta sharewa kawai ta rage. Mutane suna jiran takardunsu a waje. Maigida ya ce in yi bisimilla in danna. Na dube shi, ya kau da kai. Na danna. Ta tashi tsaf kamar yau aka ƙera ta, babu komai a ciki.

A wurinmu ba a faɗa wa mutum mutuwa kai tsaye. Ana fara ce masa jiki ya yi tsanani, a samo babba ya zauna da shi, sannan a faɗa. Maigidana ya ce wannan mutuwa ce ta biyu ga bawan Allah nan, kuma haka za a bi da ita. Akwai wani dattijo ɗan Maradi da maginin yake ganin girmansa, amma ya bi manyan motoci zuwa garin In Amguel, maigida ya ce a bari sai ya dawo. Ranar Juma'a maigida ya tari maginin da fara'a, ya ce abin sauraron ya lalace, ya yi haƙuri. Juma'a ta gaba ya ce ba a samu sabo ba tukuna. Ni kuma ina bayan labule ina ci gaba da loda sabon aiki a kwamfutar. A gida na roƙe shi mu faɗa, ya ce in bari dattijo ya dawo, ai shi ya san maza.

Ba ranar Juma'a maginin ya zo ba. Da hantsi ne, daga wurin gini, siminti har gira, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Ya fito da sabon abin sauraro cikin leda, ya ce wa maigida rowar patoro ba za ta raba shi da matarsa ba, ga nasa ya saya. Ya ɗaga labule, ya gaishe ni, ya zauna. Na kama linzamin kwamfutar ina zagaye da shi kamar mai neman abu. Bai iya karatu ba, amma ya san fuskar gilashin nan kamar tafin hannunsa. Ya ga hoton baya ya canza, ya ga 'yar jakar nan mai ruwan ɗorawa da ke kusurwa babu ita. Ya kira ni 'yar'uwa, ya tambaye ni ina take. Na dubi maigida. Shi kuma ya matso, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa sai haƙuri.

Ban ga lokacin da ya zaro gudumar ba. Ƙarar fashewar gilashi na ji, tarwatsinsa ya watsu a fuskata. Ya sake ɗagawa zai sauke a kan akwatin da rumbun yake ciki, ni kuma ban san abin da ya sa na ɗora hannuna a kai ba. Gudumar ta sauka a bayan hannun. Na ji ƙasusuwan sun ba da ƙara kamar an taka busasshen kara. Na yi ihu. Maigida ya rungumo shi ta baya yana kiran sunan Allah, yana cewa mace ce, mace ce. Maginin ya fizge, ya juyo da gudumar da dukan ƙarfin mai fasa dutse, ta sami maigida a saman kunne. Ya tafi da baya ya faɗi tsakanin kabin biyun, kansa ya bugi dakali. Wanda ke waya a ciki ya saki kan tarhon ya fita da gudu, tarhon yana lilo, ana jin wata tsohuwa daga can gida tana ta cewa alo. Jini ya fara fita ta kunnensa da hancinsa, ƙafarsa ɗaya tana shure-shure.

Jama'a suka afko. Suka ja maginin waje da wuyan riga, suka rufe shi da duka, wani da katako, wani da ƙarfen gini, wani da bulo. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Yana durƙushe, jini ya rufe masa ido, yana ta kiran sunan matarsa. Da 'yan garinsu suka ji ana kashe nasu sai suka taho daga wuraren gini da shebur, faɗa ya koma na Maradi da Damagaram, mutanen da jiya suke cin tuwo kwano ɗaya. Ni ina ciki, kan maigida a cinyata, ina roƙon a kawo mota. Waɗanda suka tsaya a kanmu suna gardama, kowa yana tsoron ya kai shi likita a tambaye shi takarda. Sai wani maƙwabcinmu Buzu ya ture su, ya ce Allah ya tsine wa takarda, ya ɗauke shi a kafaɗa ya sa a motarsa. Mun isa da ransa. Kafin la'asar ya cika, bai buɗe ido ba, bai bar mini ko kalma ba.

Jandarma suka zo suka share layin, mai laifi da marar laifi, aka loda mutane da yawa zuwa iyaka. Maginin an kai shi likita a ɗaure, daga can kurkuku. Na ji an ce idonsa ɗaya ya mutu. Dattijon da muke jira ya dawo ya tarar da zaman makoki.

Balaraben nan mai gyara ya zo gaisuwa, domin ashe sun san juna da maigida. Ya ga akwatin a lotse a gefe, ya tambaya, na faɗa masa komai. Ya buɗe, ya ce gudumar ba ta taɓa rumbun ba. Ya ce sharewar da muka yi ba ta kashe abu nan take, tamkar an cire alamar ƙofa ne ɗakin yana nan. Da mun kashe ta a ranar mun kawo masa, da akwai kyakkyawan zato. Abin da ya binne muryar shi ne sabon aikin da na yi ta lodawa a kai a makonnin da muke jiran dattijo. Ya tafi da rumbun. Kafin in gama takaba ya aiko mini da faifai. Abin da ya tsira bai fi numfashi kaɗan ba: ƙarshen maganar bargo, da dariyar.

Na dawo Damagaram da 'ya'yana da hannun da ba ya dunƙulewa har yau. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, na rasa wanda zai ɗauka shi kaɗai. Abin da zan ce wa masu karatu kaɗan ne. Idan an ba ku ajiyar abin da ba shi da na biyu, kada ku bar shi wuri ɗaya, ko mai shi ya ce ku bari. Idan na'ura ta ƙi komawa baya, ku tsaya, ku fara fitar da kayan mutane kafin ku danna abin da ba a warwarewa, kuma idan kun danna ku kashe ta ku nemi wanda ya fi ku sani. Sannan ku faɗa wa mai abu gaskiya a ranar. Tausayi ne ya sa maigidana ya jinkirta, ban taɓa shakkar haka ba, amma da mun faɗa a ranar, da wataƙila maginin da kansa zai saɓi akwatin ya kai wurin gyara.

Faifan yana cikin akwatina, a naɗe cikin zane. Ba nawa ba ne, kuma ban san inda mai shi yake ba. Nakan saurara wani lokaci idan yara ba sa nan. Maigidana ya yi shekaru yana haɗa mutane da muryoyin 'yan'uwansu, bakinsa ba ya hutawa daga safe zuwa yamma, amma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar tasa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan matar nan mai son bargo mai nauyi.