Gurbi Ɗaya a Sashen Noma

Shekara biyu na yi ina karatun aikin gona a wata jami'a da ke kudu kafin ƙasa ta rikice. Da aka ce kowa ya nufi gida, na sauka daga jirgin ƙasa a Funtua da akwatin kwano da takardar sakamakona. Mu biyu muka taho, ni da abokina ɗan Bakori, wanda muke ɗaki ɗaya tun shekarar farko.

Niyyarmu mu koma jami'ar da ke kusa da gida, mu ci gaba daga aji uku. Mun zaci cika takarda ne kawai. Da muka je can, malamin ofishin ɗaukar ɗalibai, wani dattijo, ya daɗe yana juya takardunmu kafin ya ɗago.

"Samari, gara in gaya muku gaskiya," ya ce. "An zabtare mana kuɗin bana, yaƙi ya cinye. Malaman da suka tafi ba a maye gurbinsu ba, ginin ɗakin kwana ya tsaya. Waɗanda suka fara a nan su ne a gaba. Masu zuwa daga wata jami'a, gurbi ɗaya ya rage a sashenku."

"Ranka ya daɗe, ai mu biyu ne," na ce.

"Da ku biyu ne kaɗai, da da sauƙi."

Muka bar takardunmu a ofishin, muka kamo hanyar Funtua. Na san makinsa, ya san nawa, kuma tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Na koma ƙauyenmu kusa da Malumfashi ana tsakiyar noman dawa. Baba ne ya fara kai ɗa makarantar mishan a gidanmu, yayyensa suna ta faɗa. Yanzu ga ni da fartanya a gabansu, sai kallona suke yi. Duk ranar kasuwa nakan hau keke in je gidan waya neman wasiƙar jami'a, in dawo hannu wofi.

Wata rana a gona Baba ya dafa ƙotar fartanyarsa ya ce, "Kai, faɗa mini. Korarka aka yi?"

"Ba a kore ni ba, Baba. Wuri ne babu."

"Makaranta guda a ce ba wurin mutum ɗaya?"

Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.

Kafin wasiƙata ta iso, abokina ya zo da kansa a kan keke. Tun daga yadda ya tsaya a ƙofar gida na gane. Shi aka ɗauka. Ya ce ya yi tunanin ya rubuta ya janye, na ce kada ya soma, ko ya janye ba lallai ni za a ba ba. Na faɗa da baki, amma na kasa haɗa ido da shi. Inna ta kawo mana fura, muka sha a tsaitsaye.

Shekarar nan na koyar a makarantar mishan. Da shekara ta zagayo aka ɗauke ni, da sharaɗin in maimaita aji biyu. Na karɓa ban yi gardama ba. Abokina ya riga ni gamawa da shekara biyu, kuma da littattafansa na yi sauran karatuna.